Jar Fatar da ke Ƙwaurin Maharazu

Ni ban taɓa buga ƙwallo ba, kuma dokokinta ban san su ba sai abin da kunnena ya tsinta. Amma shekara goma sha ɗaya ina zama a bakin filin Sandamu da farantin dafaffiyar gyaɗa da bokitin zoɓo, don haka na san wanda ya iya, na san wanda gudu kawai yake yi yana ɓata takalmi. Sunana Haulatu, samarin gari Goggo suke ce mini. Suna cewa wai idan magana ta shiga kunnena da hantsi, kafin azahar ta isa Daura ba tare da ta hau mota ba. Da ina dariya idan sun faɗa. Yanzu ba na yi.

Maharazu ɗan aminiyata ne, marigayiya Zulfa, Allah Ya ji ƙanta. Ni na fara yi masa wanka ranar da ya zo duniya. Shekararsa talatin da bakwai yanzu, yana noma, yana dillancin awaki, amma tun yana saurayi shi ne mai ci wa Guguwa ƙwallo, wato ƙungiyar unguwarmu. Kuma ba ƙwallo kaɗai aka san shi da ita ba. Duk ranar wasa, idan la'asar ta yi, 'yan wasa da 'yan kallo sukan shimfiɗa tabarmi a gefen fili, shi ke wucewa gaba ya ja su salla. Ko baƙi ne suka zo daga wani gari, shi suke turawa gaba. Surukinsa malami ne, kuma shi kansa bai taɓa yarda an rataya wa 'ya'yansa ko da zare a wuya ba. Wannan sunan ya fi masa ƙwallon, kowa ya sani. Ni ma na sani.

Bara waccan aka karya shi. Ina zaune ina auna wa wani gyaɗa na ji ƙara kamar an karya rake. Ƙwaurinsa na dama ne. Aka ɗauko maɗori daga wani ƙauye, ya ja ƙafar, ya jera mata karare ya ɗaure. Wata uku yana kwance, wata huɗu yana dogara sanda. Duk gari aka ce shi da fili sai kallo.

Sai ga shi bana bayan girbi, da aka fara gasar kofin kaka, ya fito da rigarsa mai lamba tara. Wasa biyu na farko bai taɓuka komai ba. Samari suna yi masa ihu, "Baba, a je a huta! Baba, gida ana neman ka!" Har ni na taya su, don in faɗi gaskiya. Na ce masa, "Maharazu, zo ka karɓi faranti ka taya ni talla, ka bar wa masu gwiwa." Ya yi dariya ya ce, "Goggo, ajiye mini ta gobe."

A wasa na uku ya ci biyu. Na huɗu ya ci uku. Kafin a kai wasan ƙarshe ya zuba tara a raga, samarin da ke cewa ya je ya huta su ne ke ɗaga shi sama suna zagaya fili. Mutumin da ƙafarsa ta karye biyu, ga furfura ta fara leƙowa a gemu! Kowa yana tambayar kowa, me ya faru?

Ana saura mako biyu wasan ƙarshe na shiga Daura ranar kasuwa sayen zoɓo da citta da kanumfari. Na bi ta layin dukawa don in gaisa da wata, sai na hango Maharazu a rumfar Audi baduku, can ciki, bayan jakunkunan da aka rataye. To, duk wanda ya san Audi ya san aikinsa. Shi ke ɗinke wa mutane laya. Malami ya rubuta, a naɗe, a kai wa Audi ya rufe da jar fata. Kambun 'yan dambe, gurun mafarauta, layar jarirai, duk hannunsa ne. Ni kaina na kai masa aiki ba sau ɗaya ba.

Na laɓe a bayan tulunan wata mai tukwane. Na ga Maharazu ya naɗe ƙafar wando. Na ga Audi ya durƙusa ya ɗora masa wani abu a ƙwauri, jar fata, faɗin tafin hannu, an bi gefenta da ɗinki, ga igiya biyu. Ya ɗaure, Maharazu ya taka ƙasa sau biyu, ya gyaɗa kai, ya saki wando da sauri yana waige-waige.

Wallahi daɗin da na ji a lokacin, ko an ba ni kyautar turmin atamfa albarka. Na ce a raina, ashe! Limamin fili da kambu a ƙafa! Ko cittar ban tsaya na saya ba.

Kwana biyu na riƙe maganar, tana ci na kamar ƙaiƙayi. A rana ta uku aka yi suna a Dutsi, a gidan maƙwabtan 'yata Murjanatu da ke aure can. Kuma 'yan Dutsi ne za su kara da mu a wasan ƙarshe, ƙungiyarsu Zakuna. Muna tsakar gida ana tuƙa tuwo, sai wata mai baki irin nawa ta ce, "Goggon Sandamu, wai tsohon nan naku me yake ci ne? Mazanmu ba su da hira sai tasa."

Na ce, "Ni ina ruwana, gyaɗa nake sayarwa."

"Kai Goggo! Ke da ko kaza ta yi ƙwai a Sandamu sai kin san ranar."

Aka yi shewa. Shewar nan ce ta kwance ni. Na gyara zama, na rage murya yadda kowa zai matso, na ce, "Ba ci yake yi ba, ɗaurawa yake yi." Na ba su labarin rumfar Audi tas. Da na ga sun buɗe baki, sai na ƙara gishiri. Na ce na ga Audi yana tofawa kafin ya ɗaure. Ban ga haka ba. Na ce an ce daga wajen wani malami na ƙetaren iyaka aka karɓo. Babu wanda ya ce, ni na ce.

Murjanatu ta daka mini harara daga bakin murhu. Da muka keɓe ta ce, "Inna, kin san matar da ke kusa da ke kuwa? Yayar Suhaibu ce, kyaftin ɗin Zakuna."

Na ce, "To sai me? Hira ce ta mata."

A Daura aka buga wasan ƙarshe, a wani filin makaranta, don kada a ce an yi a gidan wani. Na yi sammako na kama wuri mai kyau kusa da teburin 'yan kwamiti, inda ake jin komai. Mutane kamar ƙasa. Har kan katanga an hau.

Tun a salla na fara jin wani iri. An shimfiɗa tabarmi, Maharazu ya yi alwala ya nufi gaba kamar kullum, sai wani dattijo daga Dutsi ya riga shi tsayawa, ya ɗaga hannu ya kabbara. Maharazu ya ɗan tsaya, sannan ya koma sahu na biyu. Na ce a raina ƙila dai girmama baƙo ne.

Da 'yan wasa suka jeru, alƙalin wasa na shirin busa usur, sai Suhaibu ya ɗaga hannu ya nufo teburin kwamiti, 'yan wasansa na biye da shi. Ya ce wa shugaban kwamitin, wani Alhaji Harisu, "Alhaji, mu ba za mu buga ba sai an duba ƙafar mai lamba tara."

"Me ya samu ƙafar tasa?"

"Kambu ne a ciki. Mu da mutane muka zo wasa, ba da asiri ba."

Aka kira Maharazu. Ya zo yana tafiyarsa a hankali. Alhaji Harisu ya ce, "Malam Maharazu, ka ji abin da suka ce."

Ya ce, "Na ji, Alhaji. Babu laya a jikina. In ana so in rantse, a kawo Alƙur'ani, da alwalata."

Suhaibu ya ce, "Ba rantsuwa muke so ba, yaya. Safa kawai za ka sauke. In babu komai ai shi ke nan."

Maharazu ya ce, "Alhaji, mu shiga aji ni da kai, in nuna maka."

Nan fa 'yan Dutsi suka ɗauki ihu. "A nan! A nan! A gaban kowa!" Har wasu 'yan garinmu na ji suna cewa, to in ba tsoro ba mene ne na shiga aji? Ni kuwa ina zaune, hannuna cikin gyaɗa, zuciyata na cewa yanzu za a ga Goggo ba ta ƙarya. Ku ji fa. Har a lokacin abin da ke raina ke nan.

Maharazu ya dubi taron nan, ya zauna a kan benci, ya kwance takalmi, ya sauke safa. Ga jar fata nan ɗaure, kamar yadda na faɗa. Fili ya ɗauki "Ƙwal! Ga ta nan!" Wani ya yi salati da ƙarfi. Alhaji Harisu ya kwance igiyar da kansa, ya juya abin a hannu, ya ce a ba shi reza. Maharazu ya ce, "Alhaji, kada ka yanka, ba ni da wata." Amma ihu ya hana a ji, ko kuma an ji an ƙi. Alhaji ya bi ɗinkin ya farke.

Auduga ce ta fara zubowa. Sannan wani baƙin abu ya faɗo a kan tebur. Alhaji ya ɗaga shi sama. Guntun silifa ne, irin na shiga banɗaki, an yanke shi an rarake tsakiyarsa kamar ludayi. Ya zazzage fatar, ya leƙa, ya sa yatsa. Babu takarda, babu rubutu, babu ko ƙullin gari.

Wasu suka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba, don idanu sun koma kan ƙafar. Ni ma sai a lokacin na kalle ta. A rumfar Audi fatar na kalla, ban kalli abin da aka rufe ba. Ƙwaurin ya karkace. A inda ƙashin ya haɗu akwai wani ƙullutu kamar ƙwan agwagwa, fatar wurin ta yi sul tana sheƙi, gefe guda ya ɗan tsage yana tsattsafo ruwa. Da wannan ƙafar yake gudu. Da ita ya yi wasa bakwai, babu wanda ya sani sai matarsa da Audi.

Suhaibu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Wallahi mu ma ji muka yi, kuma daga bakin 'yar garinku."

Babu wanda ya ambaci sunana. Da an ambata ma da ya fi mini sauƙi. Sai dai na ga kawuna suna juyowa ɗaya bayan ɗaya wajen farantina. Maharazu kaɗai ne bai juyo ba. Ya tattara audugar, ya ɗora guntun silifar a kan ƙullutun, ya nemi tsumma ya naɗe, ya ja safa. Alhaji Harisu ya ce, "Anya za ka iya da wannan ƙafa?" Ya ce, "Da ita na zo."

Aka busa usur. Tsumman bai riƙe ba, ina ganin sa yana tsayawa yana gyarawa. Kuma yanzu mutum goma sha ɗaya sun san daidai inda ciwon yake. Ba a yi minti ashirin ba aka bugo masa ƙwallo sama, ya tare da ƙirji, ya juya, sai wani ɗan bayan Zakuna mai suna Yazid ya shigo da ƙafa. Ban ce da gangan ya yi ba. Na daina faɗin abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani, a kan ƙullutun takalminsa ya sauka, kuma na sake jin ƙarar nan.

Ban san yadda aka tashi wasan ba sai daga baya, wai an ci mu ɗaya. Na bar gyaɗar da bokitin a wurin, na ja mayafi na rufe fuska, na bi bayan katanga na nemi ɗan acaɓa.

Kwana uku ban fita ko ƙofar gida ba. Na ce wa maƙwabta zazzaɓi nake yi. A rana ta huɗu na dama kunun gyaɗa na zuba a kwano, na nufi gidan Maharazu da hantsi, lokacin da na san 'yan dubiya ba su fara zuwa ba.

Matarsa Amatullahi tana shara. Yarinyar da kullum in ta gan ni sai ta durƙusa har ƙasa. Ta amsa sallamata ba ta ɗago ba. Na miƙa mata kwanon, ta nuna mini gindin turmi da tsintsiya ta ce, "Ajiye can."

Daga ɗaki Maharazu ya ce, "Goggo ce? Ta shigo."

Yana kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafar cikin karare kamar wancan karon. Ya rame a kwana ukun nan. Na zauna a bakin ƙofa na ce, "Sannu, Maharazu. Ya jiki?"

"Da sauƙi, Goggo. Maɗori ya ce zan taka, amma gudu kam an gama."

Na buɗe baki zan fara kewaye-kewayen da na shirya tun daga gida, sai ya ce, "Na gan ki ranar, a bayan tuluna. Mayafinki mai ruwan goro."

Na ce, "Ka gan ni?"

"Na gan ki. Na so in biyo ki in nuna miki, sai kunya ta hana ni. Na ce ai Goggo ce, ita ta yi mini wankan farko, ko ta faɗa wa duniya maganar kowa ba za ta faɗi tawa ba."

Da mari ya yi mini da na gode masa. Na fara kuka, irin kukan tsofaffi marar hawaye sosai sai majina. Na ce, "To don me ka je wurin Audi, kai kuwa? Duk garin nan babu mai ɗinki sai mai ɗinkin laya?"

Ya ce, "Abin kare ƙwauri na roba da ake sayarwa ba ya zama a kan ƙullutun, danna shi yake yi. Audi ne kaɗai ya ce zai iya rarake mini wani abu ya rufe da fata mai laushi. Fatar da yake da ita ke nan, ja. Tun farkon gasa nake ɗaura ta, ranar da kika gan ni gyara na kai."

"To ƙwallayen fa? Tara fa, Maharazu."

Amatullahi ce ta amsa daga tsakar gida, ashe tana ji. Ta ce, "Fito ki gani, Goggo, tunda ke sai kin gani." Na fito. Ta nuna mini jikin rumbunsu. Yaɓen ya zube a wuri guda, ya yi rami kamar faɗin faifai. Ta ce, "Tun yana dogara sanda yake tsayawa a nan yana dukan rumbun nan da ƙwallo, da ƙafar hagu. Kullum, har wata biyar. Sau biyu ina sake yaɓe. Shekara ashirin 'yan baya sun san shi da dama, ta dama suke tare shi, shi kuwa ya koma hagu. Duk masu kallon nan babu wanda ya lura, har ke da ba a ɓoye miki komai." Ta juya ta ci gaba da shararta.

Na koma bakin ƙofa na ce, "Ka yafe mini, ɗan Zulfa."

Ya ce, "Ƙafa kam na yafe, Goggo, dama kofin nan ne na ƙarshe. Amma jiya surukina ya aiko a tambaye ni wai da gaske ne ina ɗaura abu. Malam da kansa. Shi ne abin da ya hana ni barci, ba ƙafar ba. Abu ɗaya nake so. Inda kika kai maganar nan, ki koma ki faɗa musu abin da ke ciki. Da bakinki."

Na ce, "Wallahi zan je."

Na kuwa je. Mako na zagayowa aka yi kamun amarya a unguwar su Murjanatu, kusan duk matan ranar sunan suna nan, har yayar Suhaibu. Ban jira an tsokane ni ba. Na miƙe tsaye a tsakiyar gida, abin da ban taɓa yi ba, na ce a saurare ni. Na ce maganar da na kawo ranar suna ƙarya ce. Na ce ban ga Audi ya tofa komai ba, ni na ƙara. Malamin ƙetare ma ni na ƙirƙiro shi a nan gindin murhun nan. Na ce auduga ce da silifa, mazanku sun gani da idonsu. Na ba su labarin rumbu da ƙafar hagu. 'Yata ta sunkuyar da kai kamar ta nutse.

Suka bar ni na kai aya. Sai mai bakin nan da ta fara yi mini tambaya ranar suna ta ce, "Allah sarki Goggo. An matsa miki a gida ko?"

Na ce, "Babu wanda ya matsa mini. Gaskiya ce."

Yayar Suhaibu ta ce, "To Goggo, mu dai abin da muka sani, da fatar nan a ƙafarsa ya ci tara. Aka farke ta, ko ɗaya bai ci ba, kuma ko rabin wasa ba a kai ba ƙafar ta karye. In silifa ce kawai, me ya sa?"

"Don an ga inda ciwon yake ne!"

"Ai irin wannan aikin ba a rubutu yake ba," in ji wata tsohuwa daga kan tabarma. "A jikin silifar ake yin sa. Ke dai kin faɗi gaskiya tun farko, kada ki ji komai."

Aka ce haka ne, wallahi haka ne. Wata ta ja ni ta zaunar, ta tura mini kwanon alkaki. Na sake cewa ƙarya na yi, na rantse musu, suka yi ta ba ni haƙuri kamar ni aka zalunta. Sai masu guɗa suka shigo, magana ta bi iska.

Da la'asar na sauka a Sandamu. Na so in wuce gida, amma ƙafata ta kai ni ƙofar su Maharazu. Amatullahi ta ɗaga mini labule. Yana nan kwance yadda na bar shi, da carbi a hannu.

Ya ce, "Goggo, kin je?"

Na ce, "Na je."

"Kin faɗa?"

"Na faɗa duka. A tsaye."

Ya ɗan ɗago kai daga matashi ya ce, "Sun yarda?"

Na duba bakina, babu komai a ciki. Ni Haulatu. Ya jima yana kallo na, sannan ya mayar da kansa, ya juya fuska wajen bango, ya ce, "Amatullahi, ba Goggo ruwa, ta sha hanya."